Famfon Da Muka Ɓoye

Mun tashi da asuba daga unguwar Aboabo a Kumasi, mu uku, tsofaffin makanikan soja, mun nufi Ankara ta bakin teku, babban birnin ƙasarmu. Labari ne ya iso Zongo, unguwannin Hausawa, cewa babbar motar janwe da muka yi shekaru muna ja wa soja matattun motoci da ita ta ƙi tashi, ranar Litinin za a yanka ta a sayar da ƙarfen. Tsohon sajenmu, wanda yanzu ba ya gani, ya rantse sai ya ji kukan injinta kafin a taɓa ta.

Hanya ta yi mana daɗi. Gonakin koko dama da hagu, kowane ƙauye da sabuwar tutar 'yancin kai a kan gora. A garin Nkoko muka ci dokunu, tuwon masara mai tsami, da kifi, barkonon ya sa ni hawaye. Saje kuwa tun daga Konongo yake zagin direban motar hayar da muka shiga a kan yadda yake sa giya, har mata 'yan kasuwa suka fara taya shi.

Da la'asar muka shiga barikin sojan da motar take. Rumfar gyaran da muka kafa da kwano da gora bayan dawowarmu daga yaƙin Bama ta zama zungureren gini. Wallahi murna ta kama ni. Ga motarmu a ƙarshen fili, ciyawa ta kai mata gwiwa. Samarin makanikan suka ce sun sauke injinta sau biyu, fetur ba ya zuwa.

Saje ya yi dariya ya ce mini, "Kai, motan nan bai mutu ba. Sa hannu ƙarƙashin kujera."

Sai na tuna! Mu muka ɗaura wani ɗan famfo a can mai tsayar da fetur, don direbobi su daina sace ta zuwa gari. Ba mu rubuta ba, ba mu gaya wa kowa ba. Na murɗa, aka juya hannun tayarwa, ta yi tari biyu ta kama ruri. Samari suka yi ta tsalle. Saje ya kifa goshinsa a jikinta yana kuka.

Mun dawo Kumasi ranar Talata, motar na bakin aiki. Abin da na koyo, sirrin da muka yi alfahari da shi ne ya kusa kashe ta. Jiya na tara makanikan garejina, na fara kwance musu duk abin da ke kaina.