Yaron da Ya Ƙi Zuwa Gidan Kawunsa

Har yau ranar da aka kawo mana Nafi'u ba ta fita raina ba. Lokacin ina sabuwar ma'aikaciyar jin daɗin jama'a a Ƙaraye, ƙarƙashin Hajiya Lami, Allah ya jiƙanta. Mafaɗaciya ce ta gaske, amma ina kewarta, don ban ga wanda ya iya zama da yaro kamarta ba.

Shekarar Nafi'u sha huɗu, ya yi lalata da ƙaramar 'yar maƙwabtansu. An kai yarinyar asibiti, magana ta je gaban alƙali, shi kuma ya ce mu binciki halin yaron, ko akwai haɗarin ya sake. Dattawan unguwa kuwa tuni sun gama shirinsu: za su roƙi alƙali a tura shi riƙo gidan kawunsa a Rogo, ba tare da an gaya wa kawun dalili ba, don a rufa asiri.

A gaban mahaifinsa Nafi'u ya ƙi ɗaga kai. Hajiya ta sallami uban, ta aike ni sayen gyaɗa. Na zaci kwaɗayinta ne ya tashi. Da na kawo, ta juye a tire, ta zauna a gefen yaron.

"Taya ni ɓarewa, ɗana."

Haka suka yi ta yi, zama bayan zama. Haushi ya ishe ni, na ce mata lallashin mai laifi take yi.

"Ba wanke shi nake ba, Laraba," in ji ta. "In na tsare shi da ido, ba abin da zai faɗa."

Rannan, kansa a sunkuye, ya ce, "Hajiya, kada a kai ni Rogo."

"Saboda me?"

"Kawu yana da yara ƙanana, kuma ɗaki ɗaya za mu kwana. Ina tsoron kaina."

Daga dattawan har ni, ba wanda ya tuna da 'ya'yan kawun.

Hajiya ta sanar da alƙali, aka kai Nafi'u gidan gyaran hali a Kano, inda likitan ƙwaƙwalwa yake ganinsa. Mahaifinsa ya daɗe ba ya amsa gaisuwarmu.

Ku da ke aikin yanzu, duk inda aka ce za a mayar da irin wannan yaro, ku fara tambayar su wa ke kwana a gidan. Ni ba a aji na koyi wannan tambayar ba, mai laifin ne da kansa ya koya mini.