Shagon da Ba Ya Amsa Sallama

Mun tashi da asuba daga Birnin Gwari, ni da Kawu ƙanin mahaifiyata, muna sallame salla muka wuce tasha. Abuja muka nufa, wurin babban ɗansa, abokin wasana, wanda ya ishe mu da waya wai sai mun zo mun ga wani shago da babu mai jira a cikinsa. Ni dai son ganin ƙwaƙwaf ne ya ɗauke ni, ba zan ɓoye muku ba. Kawu kuwa tasa tafiyar da nauyi. Tun ina goye yake da shagon tireda a bakin kasuwa, yanzu idonsa ya yi rauni, kaya kuma sai ɓacewa suke yi: yau sukari, gobe ganyen shayi, jibi sabulu. Ɗan nasa ya kafe a kan abu biyu, ko dai a kafa kyamara a shagon, ko a rufe shi Baba ya koma Abuja ya huta. Kawu ya ce ba zai zaɓi ko ɗaya ba sai ya ga irin tsaron da ake yi masa kuri da shi.

A tasha mun sha koko da ƙosai a tsaye. Ƙosan ya ƙanƙance har sai ka haɗa uku kafin bakinka ya san an sa masa wani abu, kuɗin mota kuwa kullum gaba yake yi kamar ba shi da birki. Kafin direba ya tada mota sai na ga kowa ya sunkuya kan wayarsa. Baƙo zai zaci addu'ar tafiya ake karantawa, alhali alat ɗin banki ake gogewa. Mu nan mun daɗe da koyon wannan: ba ka shiga daji da wayar da za ta faɗi abin da ka mallaka. Wata mata 'yar Gbagyi da ke kusa da ni har hoton sabon gidan ɗanta ta goge, tana tsaki tana cewa ta sake ɗauka in ta dawo.

Hanyar an ɗan samu sauƙi, alhamdu lillahi, motoci suna bi, har da manyan motocin masara. Amma jiki bai manta ba. Muna shiga inda itatuwa suka haɗe, maje da kirya da ɗorawa, ciyawar ƙarshen damina ta fi mutum tsawo, sai hira ta mutu murus. Mai labarin siyasar da ya hana mu sakat tun daga tasha ya koma jan carbi. Na ga gonakin da aka sake nomawa, dawa ta yi kai gwanin sha'awa, na kuma ga kufai, katanga a tsaye, kabewa ta haye inda jinka take a da. Sai da muka wuce Udawa muka doshi Buruku sannan mai siyasa ya tuna inda ya tsaya.

A Kaduna muka sauya mota. Mun tsaya Tafa muka ci soyayyiyar doya da yaji, wadda ita kaɗai ta isa dalilin tafiya. Kawu ya taya doya ɗanya wurin wata dattijuwa, tana cewa albarka yana ƙarawa, har direba ya gaji da danna ham. Bai saya ba fa. Ya ce yana so ne ya ji yadda kasuwa take.

Bayan la'asar muka isa. Abokin wasana ya tare ni da, “Baƙauye, ka iso? Cire takalmi kar ka ɓata mana kwalta.” Na ce masa a gonar baƙauyen nan aka noma tumbin da yake tinƙaho da shi. Washegari da hantsi ya kai mu shagon, a cikin rukunin gidajen da yake haya. Shagon ɗan ƙarami ne, bai fi na Kawu da komai ba, sai dai gabansa duk gilashi ne, ciki fes, kaya a jere kamar ba a taɓa taɓa su ba. Ba kanta, ba aljihun tebur, ba ɗan Adam. Kafin ka shiga sai ka yi rajista a waya da lambarka ta ɗan ƙasa da asusun banki, sannan ka tsaya gaban wani ɗan allo ya kalli fuskarka. In ya gane ka ƙofa ta buɗe. Ka ɗauki abin da kake so ka fita, kuɗi su fita daga asusunka da kansu. Na ɗaga kai na ga kyamarori a silin birjik kamar jemagu a rimi.

Abokin wasana ya shigar da mu a matsayin baƙinsa. Ya ce Baba ya kalli allon. Kawu ya gyara hula ya ƙame, a zatonsa hoton tarihi ne. Ƙofa ta zuge. Sai ya tsaya a bakinta ya yi sallama. Shiru, sai ƙugin firiji. Ya sake yi da ɗan ƙarfi. Ya yi ta uku, sannan ya juya zai koma.

“Baba, ina zuwa?”

“Na yi sau uku ba a amsa ba. Haka aka koya mana, sai a koma.”

Da ƙyar muka lallaɓa shi ya shiga, bayan ɗan ya leƙa ciki ya amsa masa da kansa. Da ya shiga kuma sai ɗan kasuwar ya motsa. Ya shafa katakon jera kaya, ya jinjina gwangwanin madara, ya matsa burodi ya shinshina, ya yaba yadda aka raba sabulu da kayan shayi. Aka gaya masa katakon ma yana auna nauyin abin da aka ɗauka. Ya ɗaga kwalin shayi ya mayar, ya sake ɗagawa ya mayar, wai yana so ya ga ko zai rikice. Ni ma sai da na gwada, kar ku ce Kawu kaɗai ne baƙauyen.

Rigimar tana wurin fita. Ya ɗauki burodi ɗaya, ya zo bakin ƙofa ya toge. Duk wanda ya taɓa ciniki a kasuwarmu ya sani, kaya ba sa zama naka don ka miƙa kuɗi kawai, sai mai su ya buɗe baki ya ce ya sallama. Kawu ya ce shi bai ji an sallama masa ba, don haka abin da ke hannunsa kayan mutane ne, kuma da furfurarsa ba zai fita da kayan mutane a hammata ba. Na ce, “To Kawu, an sallama.” Ya dube ni sheƙeƙe ya ce, “Naka ne?” Sai da ɗan ya karɓi burodin ya fita da shi, alat ya shigo, sannan ya miƙa wa uban ya ce kyauta ce daga gare shi. A haka aka rabu lafiya, mai gadin rukunin gidajen yana ta ƙunshe dariya.

A inuwar wata bishiya abokin wasana ya shiga yi mana bayani, kuma gaskiya bayaninsa da ma'ana. Ya ce a nan sata ba ta da kafa, ko ka cusa abu a aljihu za a cire kuɗinsa. Masu laɓewa su bi bayan wani su shige kuwa, fuskarsu tana nan. Ya buɗe wayarsa ya nuna mana hoton wata mata da goyo, mai aikin wanke-wanke a ɗaya daga cikin gidajen, wadda ta bi bayan wani ta ɗauki madarar jarirai. Kafin azahar hotonta ya shiga wayar kowa a rukunin, kafin magariba ta rasa aikinta. Kawu ya karɓi wayar ya kai ta dab da idonsa mai ɗan dama, ya daɗe yana kallo.

Sannan ya yi tambaya: shagon ya san abin da kowa ya saya? Aka ce ya sani, har da rana da lokaci. Wa ke riƙe da wannan sanin? Kamfani. Su waye a kamfanin? Nan ɗan ya ɗaga kafaɗa. Ni kuwa nan take na gane inda Kawu ya dosa. A wurinmu, wanda aka ji yana yawan sayen burodi da lemo, sai a ce mutanen daji yake kai wa. Wanda aka ji ya ɗauki buhun shinkafa bai taya ba, sai labari ya isa daji cewa ya samu. Ta ko'ina sanin cefanen mutum yana iya zama ajalinsa. Kawu ya ce to a mayar masa da fuskarsa, ya fasa. Ɗan ya ce ana iya neman a goge. Kawu ya ce in an goge wa zai shaida?

Ranar komawa abokin wasana ya danƙa mini kwali da kyamara biyu a ciki, irin masu turo hoto kai tsaye zuwa wayarsa. Ya ja ni gefe, babu wasa a fuskarsa, ya ce jarin Baba yana narkewa, shi ne yake cikawa a ɓoye, kuma ya kusa gazawa. Ya sa na yi alkawarin kafa su da hannuna. Na yi, don na ga idonsa ya kawo ruwa.

Sai da muka bar Buruku muka shiga shirun daji sannan Kawu ya matso kunnena. Ya ce ya san mai ɗaukar shayi da sukari. Wani dattijo ne daga wajen Kakangi, manomin da a da shi ke ciyar da rabin ƙauyensu, aka ƙone masa rumbuna aka kore shanunsa, yanzu yana ɗakin haya da jikoki. Tare suke salla a sahu ɗaya. Mutumin zai mutu bai roƙa ba, in aka ba shi kuma ba zai karɓa ba. Kullum yana zuwa hira a bencin shago, in Kawu ya zagaya alwala sai ya ɗauki ɗan abin da zai kai gida.

“Ni kuma nakan daɗe a alwalar,” in ji Kawu. “Ina daga can nake cewa na sallama.”

Na ce to sauran kayan fa, sabulu da madara? Ya ce wannan kam bai sani ba, akwai wasu hannuwan, kuma ɗansa bai yi ƙarya ba, shagon yana mutuwa. Sai da muka wuce wani shingen sojoji sannan ya ce, “Amma wancan, ni na sani, Allah ya sani. Na ukun ne ba na so.”

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, na'ura tana gani fiye da kowane mai shago, amma ba ta iya kawar da kai ba, kuma duk abin da ta gani ba ya tsayawa a wurinta. Ta kuma koya mini cewa kawar da kai ma da tsadarsa, wani ne yake biya daga nesa. Na tafi ina ganin abin dariya zan je kallo, na dawo da alkawarin da ban san yadda zan cika ba, ban kuma san yadda zan karya ba.

Mun sauka gab da magariba. Muna karyo kwanar shago na hango wani dattijo dogo a kan benci, rigarsa ta koɗe amma a wanke take tas, ya share ƙofar shagon ya yayyafa ruwa. Ba sai an gaya mini ba, na gane shi ne mutumin Kakangi. Ya miƙe da fara'a yana yi mana barka da hanya, ya riƙe hannun Kawu da hannu biyu, sannan ya juyo zai karɓar mini kaya. A jikin kwalin akwai hoton kyamara ɓaro-ɓaro. Na juya wannan gefen na manna shi a ƙirjina, na ce masa, “Bar shi, Baba, ba nauyi.”