Ƙafar Baba

Shekara shida ina goya Baba a babur daga Gwaram zuwa asibitin gwamnati a Birnin Kudu, duk wata, saboda ciwon sukari. Ni ne bin layin kati, ni ne bin layin awon jini, ni ne nemo masa ƙosai in an gama. Duk tsawon shekarun nan bai taɓa sa mini albarka a kan wannan zirga-zirga ba. Iyakarsa ya ce, "Kai, rage gudu."

Da korona ta shigo, aka taƙaita ganin marasa lafiya a can. Masu zuwa duk wata irin su Baba aka ce su koma wani asibitin kuɗi da katinsu na gwamnati, an daidaita da su. A daidai lokacin ƙanena ya dawo gida daga Kano da motarsa, an rufe musu ofis. Ya ce shi zai riƙa kai Baba.

Zuwa ɗaya fa! Baba ya dawo baki har kunne, wai ba layi, kujera mai laushi, har ruwan sanyi aka ba shi. Ya zauna a zaure yana ta sa wa ƙanena albarka a gaban mutane, har da dafa masa kai. Ina tsaye a bakin ƙofa da fartanya a kafaɗa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wallahi kishi ya cika ni, ba zan ɓoye ba.

Akwai abin da na sani wanda ƙanena bai sani ba. Baba ba ya faɗin ciwo. Ko me ke cinsa, in ka tambaye shi "da sauƙi" zai ce, don a wurinsa ƙorafi rashin godiyar Allah ne. Shi ya sa wata tsohuwar nas a asibitin gwamnati ba ta ɓata bakinta da tambaya. "Baba, cire takalmi," kawai take cewa, ta bi tsakanin yatsunsa da kallo, saboda mai sukari yakan ji rauni a ƙafa bai sani ba. Ranar da ba ta nan, ni nake cire masa a gaban likita, Baba yana hararata.

Na tambayi ƙanena, kamar abin bai dame ni ba, "Sun dai duba shi sosai?"

Ya ce, "Sosai, Yaya. Likita yana daga nesa da takunkumi, ya tambaye shi jiki, ya ce da sauƙi."

Maganar takalmi ta zo har bakina, na haɗiye ta. Na ce a raina, tunda shi ne ɗan albarka, ya gano da kansa. Wata na biyu na yi shiru, na uku ma haka. Ko gaisuwar safe daga bakin ƙofa nake yi in wuce gona.

Inna ce ta fara jin wari daga ƙafar Baba. Ashe ya taka kututturen dawa tuntuni, ya rufe da safa. Da aka cire, ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun yi baƙi ƙirin. Asibitin kuɗi suka ce abin ya fi ƙarfinsu, muka koma na gwamnati, aka yanke yatsun biyu. Tsohuwar nas ta gane ni duk da takunkumin fuskata. Ta ce, "Kai kuma ina ka shiga?"

Bayan an sallame shi, zaure ya cika da 'yan dubiya. Baba ya nuna ni da sandarsa ya ce, "Da babban ne ya kai ni, da hakan ba ta faru ba. Shi ya san ƙafata. Allah ya yi masa albarka." Jama'a suka amsa da amin. Ƙanena ya sunkuyar da kai yana share hawaye, yana ganin laifinsa ne, ni kuwa na bar shi a haka.

Albarkar da nake nema ke nan, kuma a zauren da nake so. Har yau ni nake kai Baba asibiti, ni nake cire masa takalmi, in tarar da yatsu uku.