Takalman Da Suka Kore Ni Daga Bakin Ƙofa

Edita, a lokacin da abin nan ya faru ni mai gyaran na'urori ne a wani asibitin kuɗi a Doha, ina zaune ni kaɗai a wani ɗan ɗaki a unguwar Bin Mahmud, iyalina suna gida Najeriya. Kirista ne ni, don haka samun izinin sayen giya bai ba ni wahala ba. Da na karɓi katin har murna na yi, kai ka ce wata lambar yabo aka ba ni. Na fara da kwalba guda a ƙarshen mako, don kashe kewa. Kafin in farga na koma zuba ta a fulas ɗin shayi ina tafiya da ita wurin aiki, domin idan ban kurɓa da safe ba hannuna rawa yake yi, ko sukurudireba ba na iya riƙewa.

Shugabar nas-nas ta sashenmu, wata 'yar Filifin mai hancin tsiya, ita ta fara jin warin. Ta ja ni gefe ta ce khalas, wato ya isa haka, in ta sake ji za ta kai rahotona. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san ma'anar wannan: aiki ya tafi, kafil, wato wanda ya ɗauke ka aiki, ya soke iƙama, takardar izinin zamanka, a sa ka a jirgi ka je ka yi wa matarka da 'ya'yanka bayanin abin da ya dawo da kai. Tsoro ya sa na yi ta lalube a waya har na gano akwai masu fama da irin ciwona da ke haɗuwa suna taimakon juna. Wanda ya ɗauki kirana bai nemi cikakken sunana ba, ya dai kwatanta mini wani gida a unguwar Al Thumama, ya ce in zo Asabar da yamma.

Na je, zufa ta jiƙa mini riga. A bakin ƙofa an jera takalma, kuma a gaba-gaba sai ga wasu na fata, ɗinkin Kano, an gyara maɗaurin ɗaya da shuɗin zare. Takalman dattijon zumuntar cocinmu ne, wanda ke jagorantar addu'ar Hausa ranar Juma'a da ake hutu a nan, abokin mahaifina, wanda ya tarbe ni a filin jirgi ranar da na sauka. Nan take na yanke cewa an gayyato shi ne ya yi wa mashaya wa'azi. Na ga labarina ya riga ni isa ƙauyenmu. Na juya da sauri har ina tuntuɓe, kuma a ranar na sha fiye da yadda na taɓa sha.

Kashegari Lahadi, farkon mako, aka kira ni in duba na'urar taimakon numfashi ta wani tsoho. Na gama, na rufe, na manta ban mayar da ƙararrawarta ba. Allah ne ya sa shugabar nas-nas ɗin nan ta biyo bayana ta duba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ran mutum na so in ɗauka, kuma ko dai in nemi taimako a makon nan ta gani da idonta, ko ta rubuta rahotona. Na shiga banɗaki na yi kuka kamar yaro, don na tsani kaina.

Da Asabar ta zagayo na koma, ina addu'ar kada in ga takalman. Suna nan, a daidai inda na gan su. Na daɗe a tsaye, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje, sannan na cire nawa na shiga. Dattijon ne ke magana. Ya faɗi sunansa na fari kawai, ya ce shi mashayi ne, shekaru da yawa ke nan bai taɓa giya ba, amma kullum da safe sabon yaƙi ne. Idonmu ya haɗu. Na jira ya tambaye ni gida da mahaifina kamar yadda ya saba, sai ya kau da kai ya ci gaba. A wurinmu babba ya gan ka bai kula ka ba abin damuwa ne, amma a ɗakin nan asirina ya rufa, kuma ban taɓa samun alheri irin wannan ba.

Bayan an tashi ya same ni wajen sa takalmi. Ya ce ta taga ya hango gudun da na yi wancan makon, har ya ji tsoron kada in karya ƙafa. Ya ce shi ma da can a leda yake ɓoye takalmansa ya shiga da su, don kada wani ɗan gida ya gane. Daga baya ya fara ajiye su a gaba da gangan, domin duk wani namu da ya iso ƙofar ya san ba shi kaɗai ba ne. Abin da aka ajiye don ya kira ni, shi na gani na gudu, har na kusa kashe bawan Allah.

Ina nan a bakin aikina, kuma shi da kansa ya yarda in rubuto wannan. Na koyi cewa kunyar idon 'yan gida ta fi kwalbar kanta riƙe ni. 'Yan'uwana da ke ƙasar waje, in giya ta fi ƙarfinku ku nemi masu irin ciwonku tun kafin hannunku ya taɓa ran wani, kuma in kun ga alamar ɗan gida a ƙofa kada ku juya. Yanzu duk Asabar nawa takalman suna gefen nasa, a gaba-gaba.