Ranar da alwala ta ɓalle wa Malam jini

Har in koma ga Allah, ranar da aka cire wa maigidana haƙori ba za ta fita raina ba. Lokacin ina aikin goge-goge a ɗakin haƙori na wani asibiti a Gwandu: in wanke kayan aiki, in dafa su, in miƙa auduga. Shugabanmu jami'in haƙori ne da ke zuwa daga Kalgo, Kirista, mutumin Zuru. Likita muke ce masa.

Maigidan nawa, Malam, ladan ne, Allah Ya jiƙansa. Yanzu ma da nake faɗa, hawaye nake. Turmin haƙorinsa ya ruɓe har kiran salla ya gagare shi, na lallashe shi ya zo.

Ƙa'idarmu, in an cire haƙori mutum ya danne auduga, ranar kada ya kurkure baki, kada ya ci goro. Jinin da ya daskare a ramin shi ne murfin ciwon. Washegari sai ruwan ɗumi da gishiri, a hankali. Likita ya faɗa wa Malam duka, ya ce to.

Bayan Azahar sai ga shi, gaban riga jina-jina.

"Malam, ba na ce kada ka kurkure baki ba?"

"Ban kurkure ba, Likita. Alwala kawai na yi."

Da asuwakinsa ma! Likita ya tsayar da jinin, amma Malam ya ce shi fa La'asar ba za ta same shi da rabin alwala ba. Na san halinsa, zai sake, ramin ya buɗe, kiran salla ya ƙara nisa.

Likita ya jawo kujera ya zauna. "Malam, koya mini. Kurkurar bakin nan farilla ce?"

Malam ya murmusa da auduga a baki. "Sunna ce."

"To a ba ni aron sunnar nan zuwa gobe."

Ya bayar. Ramin ya warke lafiya, ya koma kiran sallarsa, kuma muryar nan ba ta sake yankewa ba sai da ajali ya yanke ta.

Ku da ke aikin yanzu, ku riƙe wannan: mutanenmu ba sa lissafa alwala cikin kurkurar baki. In kun ce kada a kurkure, ku ambaci alwala da sunanta, tun mutum bai tashi daga kujera ba.