Akwatin Ilu bai san tsayawa ba

Shekara tara ke nan da aka kashe yayana Ilu a gidan biki a Korahane, kuma har yau in na ji an ce "tsautsayi ne" sai raina ya ɓaci. Mutum ne ya ɗaga gora ya sauke masa a ƙeya, da la'asar, a gaban jama'a.

Ilu ne ya fara shigo da akwatin kiɗa Dakoro. Wani ɗan abu ne mai jerin maɓallai: ka danna nan ganga ta faɗo, ka danna can kalangu ya amsa, ka jera su yadda kake so, shi kuma ya yi ta maimaitawa. Innarmu tana ce masa mai auren akwati, don ko tuwo sai ya huce yake tunawa da shi. Kunne kuwa Allah ya ba shi. Yakan zauna gaban wani tsohon makaɗi mai suna Baba Na-Allah, ya saurari hannunsa, ya dawo gida ya yi ta gyara bugu ɗaya har ya zauna daidai.

Haka ya kwashe kiɗan tauri ya zuba a ciki. Tsohon ya gargaɗe shi: "Ɗana, wanga kiɗi da ido aka yin shi. In ka ga idon mutum ya juya, sai ka sassauta hannu." Ilu ya yi dariya, ya ce ai mata kawai za su taka.

Ranar bikin ya kunna shi, ya bar shi yana tafiya, ya zagaya bayan gida gaida dangin ango. Kiɗan tauri kira ne, duk wanda ya sha maganin ƙarfe in ya ji shi ba ya iya zama. Maza suka faɗo fili suna zare wuƙaƙe, suna gurzawa a ciki da wuya. Wani saurayi da maganinsa bai kama ba ya ja tasa a ciki, ta shige. Ina tsaye cikin mata na ga jini ya wanke masa wando, ya durƙusa, kiɗan kuma bai rage ko kaɗan ba. Ana ta ihu, "Ku kashe abin ga! Ina mai shi?" Babu wanda ya san maɓallin da za a taɓa. Ilu ya taho da gudu, hannunsa a miƙe wajen akwatin, kawun saurayin ya tare shi da gora. Kafin jandarmomi su iso ya cika. Saurayin ya rayu, yana nan yana kiwo.

Yau yara a waya suke jera kiɗa, kowa makaɗi ne. Da Ilu yana nan, na san zai ƙwace wayar ya ce gangarsu ta yi gaggawa, ya zauna gyara musu har su gaji da shi. Ban sani ba ko da ya koyi kallon fili kafin ya kalli maɓalli.

Bai bar ɗa ba, akwatin ma a wurin aka farfasa shi. Amma wani ya taɓa ɗaukar kiɗan a kaset, ya bi hannu har ya shiga wayoyi, ba mai sanin na wane ne. Bara a bikin 'yata wata yarinya ta saka shi, mata suka cika fili. Na miƙe in hana, sai na tsaya ina kuka ina saurare har ya ƙare. Kiɗan da ya ci ran yayana ne, kuma wallahi har yanzu da daɗi.