Jinkar Waɗanda Ba Su Nan

Har yau in na tuna malamin ƙidayar nan sai raina ya ɓaci. Bai ko sauko daga doki ba. Ya tsaya bakin ƙauyenmu, tsakanin Wurno da Rabah, yana nuna jinkunan ɗakuna da bulala, yana rubutawa. Wai haka Nasara ya ce: kowace jinka magidanci ce.

Mu kuwa ba a kware ɗakin wanda ya yi tafiya. Kwarewa kamar ka ce ya mutu ne. Surukata 'ya'yanta uku sun tafi cin rani Kurmi tun shekarar fara, ko saƙo babu, amma duk rani sai ta sa a sabunta musu shuci. Rabin ƙauyen haka yake, ɗakuna tsaf, ba kowa ciki sai kaji. A takarda kuwa mun cika maƙil da ƙarti.

Da aka zo diban gwamna, wato kwasar mutane dole zuwa haƙar kuza a Jos, da waccan takarda aka zo. Gidanmu maza huɗu, saboda haka mu ba da ɗaya. Namiji ɗaya ke gare mu, mijina, ga gero ya fara bununi, ga ni da tsohon ciki.

Surukata ta ja ɗan dokan da aka aiko ɗaki ɗaki tana ɗaga masa asabari.

"Ɗana, duba da idonka. Mi ka gani ciki? Wanga ɗai ya rage man."

Ya ce shi ba a aiko shi duba ɗaki ba. Mai gari ya sunkuyar da kai, rawaninsa yake ji. Ban yafe wa ko ɗayansu ba, kuma ba na jin kunyar faɗi.

Bayan tafiyarsu da mijina gidaje suka riƙa sulalewa ƙetaren iyaka, ƙasar da Faransa ke mulki, har masallaci ya koma sahu guda. Ni da tsohuwa muka yanke geron, muka ɗaure abin da tsuntsu ya bar mana. Na haihu, liman ya raɗa suna babu uba a wurin.

Da bazara wani mutumin Goronyo da aka kwashe su tare ya yi sallama. Ya ce sanyin dutse ya kama mijina a ƙirji, kwana shida ya yi, ya cika. Tsohuwa ba ta yi kuka ba. Ta tambaye shi ko an yi masa wanka, ko an fuskantar da shi gabas.

Mutumin ya ce:

"Inna, ranar su tara anka kai kushewa, mu kuwa muna bakin aiki."